Mai Riƙe Hoto Ba Ya Waiwaye

…kuma wai ba a waiwaye. Abin da jami'in zaɓe ya ce ke nan, wani matashi mai rataye da kati a wuya, ko fuskarsa bai kalla ba. Mai riƙe hoto ya tsaya a gaba, ya ɗaga hoton ɗan takararsa, ya ba layi baya. Ba juyawa, ba magana, har a gama ƙirga. Wanda ya juya an soke layinsa. Wai don kada a tsare mutane da ido, kowa ya bi inda ransa ya kwanta. To, ya ji. Ga shi nan kuwa, Baban Masaƙa, tsaye a filin makarantar firamare da rana tsaka, hannuwa sama, hoton ɗan takararsa Lauya manne a jikin kwali, shi kuma yana kallon bangon aji. Bango kawai. An zana zuciyar ɗan Adam a jiki da jan fenti don koya wa yara, rabin fentin ya ɓare.

Zaɓen fid da gwani. Yau 'yan jam'iyya na kowace mazaɓa suke fitowa su yi layi bayan wanda suke so ya tsaya musu takarar shugaban ƙasa, ƙato bayan ƙato, kowa na ganin kowa. Ta damansa layin Mai Jirgi ne, ɗan takarar manya. Ba sai ya duba ba, tafin ƙafarsa ma yana gaya masa. Ganga, tafi, shewa, warin sabon yadi da aka raba musu… Shi kuwa bayansa? Shiru. Ko dai kunnen ne? Kunnen hagun nan da injinan saƙa suka cinye tun yana da ƙarfinsa, har yau yana masa zuuu kamar ba a kashe su ba. Wataƙila akwai mutane. Wataƙila shiru suka yi, masu hankali ai ba sa ihu. Inuwa ma ta ƙi taimaka masa, ta nannaɗe a ƙarƙashin takalmansa, ba ta nuna masa kowa.

Mai Shayi ya ce zai zo. Har da dafa ƙirji. Tela ma haka, da su wane da su wane, duk tsofaffin masaƙa da suka sha ƙurar auduga tare. Jiya da yamma Tela ya hango shi tafe, sai ya faɗa shago ya hau keke yana takawa da ƙarfi, wai aiki ya yi masa yawa. Aiki! Iska yake ɗinkawa. Shi da yake cin abinci da gyaran keken ɗinki tun da aka rufe masaƙa, shi za a ɓoye wa kukan allurar da babu ƙyalle a ƙarƙashinta? Ya yi sallama ya wuce. Me zai ce? Ɗan Tela yana neman rumfa a sabuwar kasuwa, kowa kuma ya san a hannun mutanen Mai Jirgi take.

Mai Keke — haka 'yan wancan layin suke kiran Lauya, wai keke zai yi tsere da jirgi. Shi ma ya dara ran da ya fara ji, ƙarya ba ta da amfani, abin da ban dariya. Ɗan takarar da sai an tura motar kamfe ɗinsa kafin ta tashi. Ɗan takarar da ko a rediyo sai an gama lissafa manya a ce "da sauransu"…

Ƙofar masaƙa, shekarun baya. Ƙaton kwado a jikin ƙarfe, ruwan sama, maza sun jiƙe sharkaf suna jiran abin da kotu za ta ce kan haƙƙinsu na sallama. Da wani lauyan ne da aike zai yi, ko ya kashe waya. Shi kuwa Lauya, da ya tsaya musu a shari'ar, ya zo da ƙafarsa. Ya tsaya cikin taɓo, takalminsa ya nutse, ya ce sun faɗi. Ya ce ya yi iya yinsa bai isa ba, su yafe masa. Bai shiga mota ba sai da kowa ya gama zaginsa. Shi ke nan fa. Abin ke nan duka. Don mutum ya kalle ka ido da ido ya gaya maka an cuce ka, sau ɗaya a duniya, sai ka ɗauki hotonsa ka je ka gasa kanka a rana? Haka uwar yara ta tambaye shi tana ɗaure masa kwalin da igiya, ranta a ɓace, amma ta ɗaure shi tamau. Ta ce in Lauyan ya gan shi a hanya ko sunansa ba zai iya faɗa ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi.

Kafaɗa ta fara. Ta dama. Kwali ne fa, ba buhu ba, amma tun ɗazu yake ƙara nauyi. Gumi yana shiga ido, babu hannun sharewa. Jami'in ya fara ƙirga can layin Mai Jirgi, yana dafa kafaɗu yana faɗin lamba, jama'a suna amsa masa. Layin yana da tsawo. Gara haka. Ko kuwa ba gara ba?

Kada ya tuna Auta. Kada ya…

Da safen nan. Auta ya zo da motar Ciyaman, shugaban jam'iyya na yankin, ya ajiye ta nesa da ƙofar gida don kada a gani. Ya durƙusa ya gaishe shi, makulli na juyi a ɗan yatsa, cakar-cakar, ɗabi'ar da ya koya tun da ya samu aikin tuƙin nan. Wallahi babu sautin da ya fi wannan daɗi a gidan. Shekaru yaron nan yana zaune a benci da takardun makaranta a ƙarƙashin katifa, ya rame, ya daina haɗa ido da mutane, ƙannen abokansa suna wuce shi a babur. Sai ga makulli. Sai ga aure. Yanzu matarsa ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe, ko tsugunawa ba ta iya yi ta gaishe da surukinta sai dai ta dafa bango tana murmushi.

Saƙo Auta ya kawo, yana faɗa yana kallon tabarma. Ciyaman ya ce a gaida Baba. Ya ce taurin kan tsoho ba ya damunsa, ya riƙe hoton wanda ya ga dama. Amma direbansa, a gan shi a sahun gaba na layin Mai Jirgi. In ba a gan shi ba, ya ajiye makulli a kan tebur, akwai masu jira.

"Baba, ni ban ce ka fasa ba. Amma don Allah kada ka neme ni a bayanka."

Da sai ya ce Allah ya yi maka albarka, je ka riƙe aikinka. Kalma nawa ce? Tana bakinsa fa, ya ji ɗanɗanonta. Amma wani abu ya taso masa daga ciki, baƙi, mai ɗaci, ya riga ta fita.

"Dama ban sa rai ba. Yaushe na haifi mai tsayawa a bayana?"

Makullin ya daina juyi. Uwar yara ta saki ludayi a tukunya. Auta ya miƙe, ya sa takalmi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Tsohon banza. Tsohon banza mai farin gemu da bakin yaro. Wa ya aike shi? Yaron da ya yi jinyarsa lokacin da ƙirji ya kwantar da shi, ya ɗauke shi a baya har bakin titi… a baya fa. Shi ya kasance a bayan yaron, ba yaron a bayansa ba.

Allah ka sa yana can. Ka sa yana sahun gaba, da hular Mai Jirgi a ka, yana tafi ya fi kowa. Allah ka sa… a'a. To me yake roƙo ne? Tun da ya ɗaga kwalin nan baki yana roƙon abu ɗaya, kunne yana neman wani. Kunnen dama, mai lafiyar, ya miƙe tsaye yana tace hayaniya, yana neman me? Ya sani. Ya san abin da yake nema.

Wani ya jefo ɓawon lemo, ya bugi kwalin. Dariya. Wata murya ta ce a kawo wa Baba keke ya hau ya huta. Su yi. Zuciyar da ke jikin bango tana da kibiyoyi masu nuna inda jini ke shiga da inda yake fita, yaran nan suna koyon abubuwa, shi bai taɓa sanin ƙofofinta har huɗu ba ne… kafaɗar hagu ma ta fara. Lauya yana can babban birni cikin wani ɗaki mai fanka, yana jiran waya daga mazaɓu. Za a ce masa a nan sifili. Zai gyaɗa kai. Zai sake fitowa ya gaya wa mutane sun faɗi, ai ya iya.

Cakar.

A'a. Kunnen ne. Injinan ne.

Cakar-cakar. Daga dama. Yana tahowa, ba sauri, yana ratsa filin da ke tsakanin layukan biyu, filin da babu kowa a cikinsa sai rana. Ganga ta yi sanyi. Tafi ya kakkarye. Wani ya yi salati. Muryar Ciyaman, ba da ƙarfi ba, irin muryar mutumin da bai saba maimaita magana ba, tana kiran direba, tana tambayar ina za shi. Taku kawai, da makulli.

Ya tsaya. Nan, daf da bayansa. Ƙamshin turaren mota. Numfashi a ƙeyarsa, irin na yaron da ya yi kuka ya share.

Tafi. Koma, don girman Allah, koma tun jami'in bai iso ba. Ka ce fitsari ka je yi, ka ce ruwa ka kawo wa tsoho, Ciyaman zai yi dariya ya bar maganar. Matarka, Auta. Bencin nan yana nan a ƙofar gida, ba a sayar ba, yana jiranka… Juyawa ɗaya ce. Ya juya, ya daka masa tsawa, a soke layin, Lauya ya tashi babu ko ɗaya, wa ya damu? Ƙuri'a ɗaya ba za ta kai keke fadar shugaban ƙasa ba. Wuyansa ne kawai zai motsa. Me ya riƙe shi?

Daɗi. Innalillahi. Daɗi yake ji. Ya cika masa ƙirji, ya fi na ranar sunan yaron, ya fi na ranar da makullin ya shigo gida. Ɗansa yana ƙona abincinsa a bainar jama'a, shi kuma uban yana jin daɗi. Ashe ba don Lauya ba ne? Ashe duk tsayuwar nan, duk ranar nan, so yake wani nasa ya… kunya ta kama shi, ta kama shi sosai, amma daɗin bai ragu ba.

Jami'in ya gama da wancan layin. Ga takunsa nan, yana tahowa da biro a hannu. Ciyaman bai sake kira ba, wannan shirun ya fi kiran muni. Yanzu ne. In zai juya yanzu ne.

"Baba," muryar ta yi ƙasa, don shi kaɗai. "Ɗaga hannunka. Hoton yana saukowa."

Ba ya iya amsawa, doka ta hana. Yana kallon bango, jan fentin ya dame da ruwan ido. Wuya ya ƙi juyawa. Hannun kuwa ya ƙi hawa, ya ƙi sauka, yana dai nan a tsakiya… a tsakiya…