Khalilu Masanin Feoil

Malam Tajuddeen tsohon hedimasta ne a Tsanyawa, irin mutanen da ko gyaɗa za su saya sai sun ba mai talla tarihinta. Da ɗansa Khalilu ya tafi karatu ƙasar Ireland, har takun Malam sai da ya canza.

Ran nan Khalilu ya turo hoto ta waya, ga farar riga ga farar hula, a bayansa an rubuta feoil da manyan baƙaƙe. Da Malam ya tambaya, Khalilu bai ɓoye ba: karatu ya tsaya, yanzu a kamfanin yanka shanu yake. Mahauci dai. Jikan limami guda!

Kunya ta kama Malam, shi kuwa in ya ji kunya bincike yake faɗawa. Ya duƙufa a kan waya har ya gano cewa feoil nama ne a harshen mutanen can, na dabba da na mutum duka, tsohuwar kalma ce da ke cikin littattafansu na dā, asalinta kuma masana ba su daidaita a kai ba.

A majalisa ya zayyana duk wannan, sai dai ya tsallake dabbar. "Feoil, wato tsokar jiki. Khalilu a kanta ya ƙware." Ya miƙa hoton. Aka ga farar riga, aka yi ta sa albarka. Ai bai ce likita ba, haka yake lallashin kansa.

Bayan sallar la'asar wata Laraba sai ga Inna Hure, tsohuwar da ta goyi Khalilu, ta dogaro sanda tun daga bayan gonaki. Ta zauna da ƙyar, ta yaye zani daga ƙafar da ta kumbura suntum.

"Malam, kira min ɗan nan ya duba. Na ƙi zuwa asibiti, na ce muna da namu."

Malam ya dubi ƙafar. Duk iliminsa ya gudu ya bar shi da zufa.

"Inna, Khalilu shanu yake yankawa."

Inna Hure ta mayar da zaninta, ta miƙo masa hannu.

"To, kama ni in tashi. Hanyar da nisa."