Rajistan Gonakin Wake

…kuma har yanzu ɗan zoben nan yana ta juyawa a kan gilashi. Juya abinka, ba gaggawa nake ba. Ƙarya ce, gaggawa nake. Mai duba iri zai iso ƙarfe sha ɗaya, ga shi goma da rabi ta gota.

Ordinatar nan, kwamfutar da ke gabana, ta aro ce, ta shagon fotokopin bakin tashar Tasawa. Tawa tana can biro, ofishinmu, cike da laka. Ruwan shekaranjiya… rufin ya zauna bisa teburina kamar an gayyace shi. Da muka tono ta, ruwa ja ke fita ta bayanta.

Shekara shida na rajista. Manoma tamanin da huɗu na ƙungiyarmu, daga Urafane har Cake: wa ya shuka wane wake, wace rana, taku nawa tsakaninsa da gonar maƙwabci. In babu takardar rajistan, mai duba irin ba zai shiga gona ba. In bai shiga ba, babu hatimi. Waken da aka noma don iri sai ya ƙare a kaskon ƙosai. Da wane ido zan dubi Malam Isufu, shi da ya tumɓuke layi uku da hannunsa don na ce sun gauraya?

Iliyasu… Allah ya jiƙanka. Shekara goma muna biro ɗaya, ba mu taɓa gardama irin ta ranar ba. Ka ce, "Madam Sakina, wannan akwatin taga ce kawai. Teburinki na gaskiya yana can wata ma'ajiya mai nisa. Duk inda kika samu rezon intanet, ki sa sunanki da lambar sirri, zai buɗe." Ni kuwa na ce abin da ban iya sa wa kwado ba, ba nawa ba ne. Ka yi dariya har hularka ta karkace. Kullum in lulluɓe ordinatar da zane, in kulle ƙofa, in girgiza kwadon sau biyu. Sau biyu! Ruwa ya tambayi kwado?

Inna ma ai haka take yi. Irin gero rabi a rumbunmu, rabi a na wanta can Mayahi — saboda gobara, in ji ta. Na girma ina gani. To me ya hana ni ganewa? Don dai kai ka faɗa da Faransanci?

Rezo sanda biyu. Ɗaya. Biyu… Ya Allah, kada a ɗauke wuta.

Ya buɗe.

Teburina ne. Hoton furen wake, dosiyoyin takardu a jere yadda na jera su, kowace shekara da launinta. Rajistan ma a buɗe yake, a layin Malam Isufu, inda na tsaya lokacin da hadari ya taso na gudu kwashe shanya: "taku ashi…" Ko kalmar ban ƙarasa ba. Ta jira ni kwana biyu, a bushe.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Sunanka ma yana nan cikin jerin masu shiga, ƙarƙashin nawa. Wata bakwai ke nan da rasuwarka, ban goge ba. Shekara guda da rabi ina aiki da abin nan kana zaune gefena, ina ta gunaguni kan jinkirin rezo… na taɓa ce maka na gode? Ko sau ɗaya?

Motar mai duba iri ta tsaya a waje. Sai in danna a buga takardun. Dannawa ɗaya ce, Sakina… bari dai idona ya washe tukuna.