Ciwon Cikin Mai Gyaran Rediyo

Tana riƙe da ƙafarsa jijjigar ta sake kama shi. Ƙaninsa ya danne masa kafaɗu, nas ta ce su saki kada su ji masa ciwo. Mai kyamis ta saki, ta jingina da bango tana kallon mai gyaran rediyo, maƙwabcinta na shekara shida, wanda ƙofar shagonsa ke kallon tata. Yau kwana huɗu bai san inda kansa yake ba.

Likitar da ta zo duba shi doguwa ce, mai magana a hankali. Ta ce wata ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗaukowa, ta haye masa ƙwaƙwalwa. Ƙanin ya ce ai ɗaki ɗaya suke kwana, sauro ɗaya ke cin su, shi ma ya yi zazzaɓin, kwana biyu ya miƙe. To me ya sa sai Yaya?

Likita ta tambaya ko ya daɗe yana shan wani magani.

Mai kyamis ta ɗago daga jikin bango. Da ta yi shiru, babu mai sani.

"Ni nake ba shi," ta ce. "Kafson kashe ƙwayoyin cuta. Ya kai wata biyar. Kullum da ciwon ciki yake zuwa."

Likita ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi mata sauƙi. Sai ta bayyana musu cewa a hanjin kowa akwai ƙwayoyi masu amfani da ke taya jiki tsare kansa, irin wannan kafso kuwa ba ya ware na kirki da mugu. An gwada a kan ɓeraye, waɗanda aka share wa hanji da kafson sun fi saurin faɗuwa in cutar ta kama su. A kan mutum dai, ba za ta iya rantsuwa ba.

A baranda ƙanin ya zauna kusa da mai kyamis, ya daɗe yana murza hularsa.

"Anti, cikin Yaya fa lafiyarsa ƙalau. Mutumin da ko dutse ya haɗiye zai narke?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ke yake zuwa gani. Na ce masa ya buɗe baki kawai, ya ce sai ya gama shiri."

Sai ta tuna yadda yake tsallako titi kowace safiya, hannu dafe da ciki, yana kiran ta Babbar Likita. A gabanta yake haɗiye kafson, ashe don kada ta gano shi. Ita kuma ta san doka sarai, ta san sai da takardar likita ake sayar da irin wannan kafso. Amma tana tsoron in ta tura shi asibiti ya warke, ya daina tsallakowa.

Washegari da hantsi ya cika, bai farfaɗo ba.

Ta yi sati ba ta buɗe shago ba. Ranar da ta fito, an yi ruwa da safe, titi duk taɓo. A ƙofar shagonsa ta ga wata tsohuwar taya cike da ruwa, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Ta ajiye jakarta, ta sa hannu biyu ta kifar da ita. Ta tsaya a wurin, gefen zaninta a jiƙe, har ƙasa ta shanye ruwan.