Ba Irin Waɗancan 'Yan Sa Kai Ba

Mukarrama ta haddace jawabinta tsaf, har da wuraren da za ta ja numfashi. Ƙungiyarsu ta taimakon unguwa a Paki ta rage daga ita sai ƙawarta Wasila, ita ma Wasilar ta ce in ba a samu sababbin mutane kafin damina ba, ta haƙura. Ga kwatar bayan gidansu ta toshe, mutum biyu ba za su iya yashe ta ba.

Sai ta zura hijabi ta shiga gida-gida.

A gidan Malam Yahuza ta durƙusa ta gaida matarsa, Inna Luba, har da tambayar awaki. Sannan ta sunkuyar da kai ta fara: "Inna, dama matasa muke nema su shiga ƙungiyarmu ta 'yan sa kai."

Inna Luba ta saki muciya. "'Yan me?"

"'Yan sa kai, Inna."

"Ke 'yar nan! Ja'afar ɗin nawa za ki ba bindiga ki tura daji? Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa?"

"A'a Inna, ba irin waɗancan ba, ai sa kai na nufin..."

"Na san abin da yake nufi, kullum ina ji a rediyo. Ki gaida kakarki Mero."

A littattafan Mukarrama, sa kai shi ne aiki don Allah. A unguwa kuwa, 'yan sa kai su ne masu bindigar toka da layu, masu bin ɓarayi daji. Kafin la'asar labari ya riga ta ko'ina. Samarin da ke zaune wajen mai cajin waya suka miƙe suka ƙame mata.

"Ranki ya daɗe, kwamanda! Yaushe za a raba harsashi?"

Ta koma gida idonta jawur. Kakarta Mero na tsintar wake, ta saurare ta, ta yi dariya har da tari.

"Ke da bokonki! Yasar kwata ai gayya sunanta. Ce musu Mero ta kira gayya, ki ɗora tukunya."

"Kaka, ni ba 'yan rana ɗaya nake so ba. Waɗanda za su zauna nake nema."

"Fara tara su tukuna."

Ranar Asabar aka turara dambu. Samari suka zo da shebur da baro, Ja'afar a gaba, kafin azahar kwata ta yi fes. Suna cikin ci Mukarrama ta tsaya a bakin zaure, ta zuba jawabin nan tun daga farko, ta tsallake kalmar da ta ja mata.

Ja'afar ya suɗe hannu. "Kwamanda, in mun shiga kullum da dambu?"

"Babu."

"To, Allah ya ba da lada."

Suka kwashi shebur ɗinsu suka watse.

Ita da Wasila aka bari da wanke-wanke. Mukarrama na dirzar tukunya kamar ita ta yi mata laifi.

"Ko mutum ɗaya," in ji Wasila. "Ni dai na gaya miki."

Daga kan tabarma Kaka Mero ta ce, "Ku sa da ni. In dai ba bindiga."

Wasila ta dubi tsohuwar, ta dubi Mukarrama, ta yi tsaki. "Wannan ai cuta ce. Miƙo soson."