Shafin Cigiya na Sufyan

Sufyan bai gama sakandare ba, kuma ba sana'ar da ya taɓa daɗewa a cikinta, amma shi ya gina shafin cigiyar da mutanen Bagudo ke dubawa a waya. In sa ya ɓata a Bahindi, ko rago ya bi garke ya tsallaka Benin, sai a turo masa hoto ya ɗora. Ya gina shafin ne a kan wata manhaja ta kyauta, wadda wasu mutane da bai taɓa gani ba suke rubutawa tare, kowa daga ƙasarsa.

Wata safiya ya tarar sun yi faɗa sun rabu gida biyu. Kowane ɓangare ya kwashi aikin ya raɗa masa sabon suna.

Ya san yadda irin wannan take ƙarewa. Gonar da babansa ya yi shekaru yana nomawa ta aro ce, kuma ranar da magada suka raba gado, ranar aka ce ya ɗauki fartanyarsa. Ya gaya wa yayarsa Mashkura cewa shafin ya kusa mutuwa.

"To kai mi kaka jira?" in ji ta. "Tai ka gaida masu abu, ka roƙe su, kamar kowane mai aro."

Haka ya yi. Ya shiga zauren intanet da suke tattaunawa, ya gaida kowane ɓangare da Turancinsa mai ɗingishi, ya tambayi lafiyar iyalansu, sannan ya roƙi a bar masa aron ko da zuwa bayan kaka.

Wata mata daga cikinsu ta ba shi amsa. Ta ce ba aro ba ne, abin da ya sauke nasa ne, ko sun rabu gida goma ba mai karɓewa. Sai dai ɓangarensu zai daina kula da tsofaffin wayoyi. In irinsu mutanensa ke riƙewa, ya bi ɗaya ɓangaren, kuma ya fara koyon gyara da kansa, don su ma ba a san gobensu ba.

Sufyan ya ajiye wayar ya sauke numfashi. Ya rasa wanda zai kai wa goron godiya. Mashkura ta yi ta dariya, ta ce ya kawo ta karɓa a madadinsu.