Filin da Umma Ta Cike

Tabarau, wadda gilashin idonta ya jawo mata wannan suna, ta yi makonni tana ɗinka taurari a baƙin yadi saboda gasar kimiyya ta makarantarsu. Tarihin wani ɗan ƙaramin gungun taurari ne da ke can shi kaɗai a sararin samaniya, ba maƙwabci. A hagu ta jera jajayen duwatsun ado, tsofaffin taurari ke nan. A dama shuɗɗa, sababbi. Tsakiya kuwa ta bar fili fayau: zamanin da gungun ya daina haihuwa. A kan filin nan duk bayaninta ga alƙalai ya rataya.

Da safiyar gasar ta shiga shagon ɗinkin mahaifiyarta ɗaukar yadin, sai ta tarar da filin cike maƙil da duwatsu ruwan zinare, har da 'yar fulawa.

"Umma! Me kika yi?"

"Na rufa miki asiri. 'Yar tela guda ta fita da aiki da sanƙo a tsakiya? A ce a gidana aka yi?"

Tabarau ta nuna filin. "Da gangan na bari! A lokacin ba a haifi tauraro ko ɗaya ba."

"Lalaci ne?"

"Taurarin farko ne suka fashe, suka kore iskar gas ɗin da ake yin sababbi da ita. Sai da ta huce ta dawo."

Umma ta ajiye almakashi. "Kayan aiki suka yanke, kike nufi? To, ba sai a aro a maƙwabta ba?"

"Ba shi da kowa kusa, Umma."

"Wayyo, bawan Allah." Ta jawo reza, ta hau farke fulawarta, tana tsaki. "Ai da kin faɗa."

A zauren gasa Tabarau ta tsaya gaban alƙalai. Babbansu ya nuna tsakiyar yadin.

"Nan fa? Ba ki gama ba ne?"

Umma, da ke cikin 'yan kallo, ta zabura daga benci, mayafi na zamewa. Tabarau ta ga in ta yi jinkiri, yau alƙalai za su sha labarin tsadar zare. Ta gyara gilashi da sauri.

"An gama, Malam. Kayan aiki ne suka yanke."

Daga nan bakinta ya buɗe, har sai da aka kaɗa mata ƙararrawa.