Kebul ɗin Adjamé

"Kai, ta sake ƙi!" in ji Abdurrashid, ya bugi cinyarsa.

Karo na huɗu ke nan tun hantsi. Yana zaune a bakin katifar maƙwabcinsa Baba Gwadabe, a gidan hayarsu na unguwar Treichville, da tsohuwar kwamfutar cinya a gabansa. Rami ɗaya tal gare ta a gefe, ko ka zura akwatin faifan disket ko na CD. Ba ta tashi sai da disket, manhajar da za a zuba mata kuwa tana kan CD. Da ya zare wancan ya zura wannan, sai ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Shekara talatin Baba Gwadabe ya yi yana buga takardun fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya sa aka sayo masa wannan ta hannu don abu guda: ya buga sunayen kakanninsa da ƙauyensu can ƙasar Katsina, ya bar wa 'yarsa Afra'u. Ita kaɗai gare shi, tana aikin jinya a garin Bouaké. Bai taɓa kai ta gida ba, bai kuma taɓa son zancen can ba sai yanzu.

"Rashidu," tsohon ya ce da ƙyar, "rabu da ita. Ɗauko biro in faɗa maka. Ni Gwadabe ɗan Kailu, Kailu ɗan Hadi, Hadi kuwa..." Tari ya sarƙe shi.

Abdurrashid ya ba shi ruwa. "Haba Baba! Kai da ka tsufa kan tafireta, a rubuta maka asalinka da biro? Kebul ne kawai babu. In na samo shi, akwatin disket ya zauna a waje, na CD a ciki, shi ke nan. Kafin la'asar kana bugawa da hannunka."

A gaskiya ba don tsohon kaɗai ba ne. Shekara goma Abdurrashid yana gyaran kwamfuta, a ce wannan 'yar gwangwanin ta gagare shi? Ina!

"To, Allah ya kiyaye hanya," in ji Baba Gwadabe, ya lumshe ido.

Abdurrashid ya hau bas zuwa kasuwar Adjamé. Rumfa-rumfa ya bi a bayan tashar mota, wannan ya ce babu, wancan ya ce irinsa ya daina zuwa. Sai wajen wani mai kayan gwanjo, Ɗan'azumi, aka tono shi a ƙasan kwali, duk ƙura. Ya fito yana murmushi, sai kuma cunkoson motoci a kan gada ya riƙe shi fiye da awa guda.

Tun daga bakin layi ya hango matasa na jera kujerun roba a titi, takalma sun cika ƙofar gidan. Liman ne ya tare shi. "Sai haƙuri, Rashidu. Bayan azahar ya cika. Sau biyu yana tambaya ko ka dawo."

Ya yi kuka kamar ubansa ne ya rasu.

Washegari ya haɗa kebul ɗin, shi ma bai san dalili ba. Tashi ɗaya kwamfutar ta yi, ba ko gardama. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Afra'u ta zo ta durƙusa gabansa, idanunta sun kumbura. Hausarta gauraye take da Faransanci.

"Tonton, Baba ya ce mini a waya zai bar mini papier, takarda, da sunan village namu, ƙauyenmu. Yana cikin mashin ɗin?"

"Babu komai a ciki, 'yata. Laifina ne. Ya ce in rubuta, na ce sai na dawo."

Ya ɗauko disket ɗin, ya rubuta sunayen da ya ji daga bakin tsohon a farar takardar da ke manne a jikinsa, ya miƙa mata.

"Gwadabe. Kailu. Hadi." Ta karanta a hankali, yatsanta na bin layi-layi. Yatsan ya sauka kan layi na huɗu, inda babu komai, ya tsaya, ta ɗago kai tana kallon bakinsa.